Me ya sa tsohuwar mota take yin miliyoyi a gwanjo, kuma ina matsayin Fijon mahaifinku?

Wani ɗan'uwa daga Zariya ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na karanta cewa an yi gwanjon wata tsohuwar Marsandi a Jamus kan Yuro miliyan 135. Da gaske ne? Me ke cikin motar da ta haura shekara sittin har ta kai wannan kuɗi? Sannan marigayi mahaifinmu ya bar mana Fijo 504 a gareji, ta fi shekara goma ba a tayar da ita ba. Ƙannena sun ce a yi mata fenti, a sa mata injin Toyota a sayar. Ko za ta iya shiga irin wannan gwanjo?"

Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kafin in shiga bayani, ina roƙonka ka gaya wa ƙannenka su dakata. Kada a kai motar nan wurin mai fenti, kada a sauke injinta, kada ma a sa mata batir a ce bari a ji ko za ta tashi. Dalilin zai fito a gaba.

Labarin da ka karanta gaskiya ne. Ranar 5 ga Mayu, 2022, kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya sayar da Mercedes-Benz 300 SLR ƙirar 1955 a gidan tarihin kamfanin Marsandi da ke Stuttgart, kan Yuro miliyan 135, wato kusan Dala miliyan 143 a lokacin. Ana kiranta da sunan injiniyan da ya ƙera ta, Rudolf Uhlenhaut. Guda biyu rak aka yi masu rufi irinta. An yi su ne domin tsere, amma ba su taɓa shiga ba, saboda a watan Yunin wannan shekarar wata 300 SLR ɗin marar rufi ta yi mummunan haɗari a tseren Le Mans na Faransa, fiye da mutum 80 suka mutu, kuma shekara na ƙarewa Marsandi ta janye daga tsere. Sai injiniyan ya mai da ɗaya motar hawansa, mota mai gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, a zamanin da yawancin motoci ko rabin haka ba sa yi. Tun daga ranar da aka ƙera su har zuwa wannan gwanjon ba su bar hannun kamfanin ba. To ka duba: abu biyu ne a duniya, ɗaya ba za a sayar ba, ɗayar kuma babu wani kwana a rayuwarta da ba a san inda take ba. Abin da attajiran suka yi ta ƙari a kansa ke nan.

A nan ne mutanenmu suke yawan kuskure, suna ɗauka tsufa ne ke kawo kuɗin. Ford Model T ta fi waccan Marsandi tsufa nesa ba kusa ba, an fara ta a 1908 aka daina a 1927, amma an ƙera fiye da miliyan 15. Yau a Amurka za ka samu mai lafiya a ƙasa da kuɗin sabuwar Corolla. A ɗaya gefen kuma, a Satumban 2019 kamfanin Bonhams ya yi gwanjon motoci 25 a kusa da Janiba, waɗanda hukumomin Siwizalan suka ƙwace daga Teodorin Obiang, ɗan shugaban Ikwatoriyal Gini. A cikinsu akwai Lamborghini Veneno marar rufi da ba ta wuce shekara biyar ba, ta yi sama da Faran miliyan 8 na Siwizalan, saboda tara kawai aka yi. Shekaru dai sharaɗi ne na shiga sahu. Ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, tana ƙirga mota a matsayin ta tarihi idan ta kai shekara 30. Amma shiga sahu daban, tsada daban.

Ƙaranci ma shi kaɗai ba ya isa. Akwai motocin da aka yi kaɗan saboda ba wanda ya so su tun suna sababbi, kuma har yau ba a son su. Sai ƙaranci ya haɗu da yawan masu nema. Ferrari 250 GTO ce babbar shaida: 36 aka ƙera tsakanin 1962 da 1964, ta ci tsere, tana da kyan gani, ana kuma iya hawanta a titi. A 2014 ɗaya ta yi Dala miliyan 38.1 a gwanjon Bonhams a Kalifoniya, a 2018 wata ta yi miliyan 48.4, a Nuwamban 2023 wata 'yar'uwarsu ta yi miliyan 51.7 a birnin New York. Masu wannan harka sun haddace lambar casis ɗin kowacce kamar yadda makiyayi ya san shanunsa da suna, sun san wanda ya tuƙa ta, inda ta faɗi, da wanda ya gyara.

Wannan shi ne zuciyar maganar, don haka bari in daɗe a kai. Abin da ake saye a waɗannan wurare shaida ce. Ƙarfe da roba kowa zai iya ƙerawa. Akwai maƙera a Italiya da Ingila da za su buga maka jikin Ferrari sabo fil, ba ka bambanta shi da na asali. Abin da ba a iya bugawa shi ne tabbacin cewa wannan casis ɗin shi ne wanda ya fito daga masana'anta a rana kaza, da wannan injin, da wannan giyabos. Shi ya sa tambayar farko da mai saye yake yi ita ce ko lambobi sun zo daidai, wato lambar da ke jikin injin ita ce wadda ke rubuce a littafin kamfani tare da lambar casis. Tun 2006 kamfanin Ferrari ya buɗe sashe na musamman, Ferrari Classiche, da ke bincikar tsofaffin motocinsa ya ba da takardar shaida a jan littafi. Marsandi ma tana da katin bayanin motocin da ta ƙera, wanda ke nuna launin asali da lambar injin. Mota biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, ɗaya da injinta na haihuwa, ɗaya da na aro, tazarar kuɗinsu kan yi nisa ƙwarai.

Idan kana son ka ga iyakar abin, a Agustan 2023 an kawo wata Ferrari 500 Mondial ƙirar 1954 gwanjo a Monterey da ke Kalifoniya. Ta ƙone, ta lanƙwashe, babu taya, in ka gan ta a Panteka sai ka ce a ɗora a sikeli. Ta yi kusan Dala miliyan 1.9. Wanda ya saya ya san abin da ya biya: lambar casis da tarihin tseren da ke manne da ita, waɗanda za su ba shi damar sake gina motar a kira ta da sunanta na gaskiya. Akwai kuma wata Bugatti ƙirar 1925 da ta yi fiye da shekara 70 a ƙarƙashin tafkin Maggiore, kan iyakar Siwizalan da Italiya. An ciro ta a 2009, gefen da ya nutse cikin laka ya tsira, ɗayan ruwa ya cinye. A Janairun 2010 an sayar da ita a Paris kan Yuro 260,500, mai sayen kuma ya ajiye ta a gidan tarihinsa a Kalifoniya yadda take, bai gyara ba.

Wanda ya mallaki mota ma yana shiga lissafi. Ford Mustang ƙirar 1968 ba abin mamaki ba ce a Amurka, an yi su da yawa, amma wadda ɗan wasa Steve McQueen ya tuƙa a fim ta yi Dala miliyan 3.74 a Janairun 2020, da tsatsarta da lotsawarta. Wannan ba baƙon tunani ba ne a gare mu. Baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu, 1976 tana ajiye a gidan tarihi na ƙasa da ke Legas, da ramukan harsashi a jikinta. Ba ta sayarwa ba ce, amma kowa ya san cewa duk ranar da aka toshe ramukan nan aka yi mata sabon fenti, an kashe ta.

A da, gyara ake yi wa tsohuwar mota har ta fi sabuwa ƙyalli. Yanzu hankali ya karkata ga wadda ba a taɓa ba. A 2014 aka gano motoci kusan 60 a wani gida a yammacin Faransa, waɗanda wani mai kamfanin sufuri, Roger Baillon, ya tara ya bari a ƙarƙashin rumfunan kwano. Cikinsu akwai Ferrari 250 GT California da aka samu tulin mujallu a kanta. Kamfanin Artcurial ya kai ta Paris a Fabrairun 2015 ko ƙurar ba a share ba, ta yi Yuro miliyan 16.3. A 2024 kuma, a gasar baje kolin tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Kalifoniya, wadda ake yi tun 1950 kuma ita ce mafi daraja a wannan fage, Bugatti ƙirar 1934 da aka bar ta da tsohon fentinta da tsofaffin kujerunta ce ta zo ta ɗaya, karon farko ke nan da irinta ta ci. Ni ina tare da wannan ra'ayi. Gyara ana iya yinsa kowace shekara, amma fentin masana'anta in ya tafi ya tafi.

Yadda gwanjon kansa yake tafiya kuwa, wanda ya taɓa zuwa kara ba zai sha wahalar ganewa ba. Mai mota ya danƙa ta ga kamfanin gwanjo, su ne dillalai. Su bincika tarihinta, su ɗauki hotuna, su buga a kundi tare da ƙiyasin farashi. Sau da yawa mai mota yakan ajiye farashin sallama a asirce. In tayi bai kai nan ba, albarka ke nan, mota ta koma gida. Wasu kuma sukan ce duk inda tayi ya tsaya an sallama, wannan yana jawo jama'a amma kasada ce. Mai son taya sai ya yi rajista tun kafin ranar, ya nuna shaidar banki. Wasu suna cikin zaure, wasu ta waya, wasu ta intanet. In an buga guduma ciniki ya faɗa, babu na fasa, babu kuma dawo da kaya don an ga aibi daga baya. Manyan lokutan su ne Scottsdale ta Amurka a Janairu, Paris a Fabrairu, da Monterey a Agusta.

Kuɗin da jarida take bugawa ba shi ne kuɗin guduma ba, akwai la'adar mai saye a ciki. A manyan gwanjon Amurka an saba karɓar kashi 12 cikin 100 a kan Dala 250,000 na farko, da kashi 10 a kan abin da ya haura. In guduma ta faɗi a 300,000, mai saye zai biya 335,000, ban da haraji da dako. Mai sayarwa shi ma ana cire masa tasa la'adar, gwargwadon yadda suka daidaita. Ga kuɗin ajiya, ga inshora, ga bakaniken da ya san motar. Shi ya sa nake jan kunnen masu ɗaukar abin a matsayin hanyar kuɗi mai sauƙi. Bayan rasuwar Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin Ferrari, a Agustan 1988 farashin tsofaffin motocinsa ya yi tashin gwauron zabo, mutane suka ci bashin banki suka saya, zuwa farkon shekarun 1990 kasuwar ta rushe, wasu motocin suka koma ƙasa da rabin kuɗinsu, aka daɗe kafin su farfaɗo. Ana kuma yin kuskure a zauren kansa. A 2019 a Monterey an kawo Porsche Type 64 ƙirar 1939, mai gwanjo yana kiran miliyan 13 allo yana nuna 30, har ya kai 17 allo na nuna 70. Da aka gyara allon zaure ya rikice, ba wanda ya ƙara, motar ba ta sayu ba.

Akwai wani abu da Musulmi ya kamata ya sani. Cinikin wa zai ƙara halal ne a wurin jumhurun malamai, amma najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don ya ingiza wani, haramun ne. A ƙa'idojin kamfanonin gwanjo da yawa an rubuta cewa mai gwanjo yana iya kiran tayi a madadin mai kaya har zuwa farashin sallama. Don haka ba duk tayin da ka ji ne akwai mai saye a bayansa ba. Wanda zai shiga ya karanta sharuɗɗan, ya yanke wa kansa iyaka tun daga gida, kuma kada ya yi cinikin biri a sama: ya tura wanda ya san mota ya shiga ƙarƙashinta.

To, Fijon mahaifinku. Gaskiyar magana, ba za ta shiga zauren Monterey ba, kuma ba na son ka sa wa 'yan'uwanka rai da miliyoyin Dala. Fijo 504 ta fito a 1968, ta zama motar shekara a Turai a 1969, ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1975, amma an ƙera fiye da miliyan 3. Masana'antar PAN ta Kaduna, da ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da haɗa ta shekaru masu yawa bayan Faransa ta daina. A Turai waɗanda ke yin kuɗi sosai su ne masu ƙofa biyu da marasa rufi, ƙirar kamfanin Pininfarina na Italiya, waɗannan kan kai dubban gomomin Yuro. Mai ƙofa huɗu irin tamu kuɗinta bai kai nan ba, kuma in ka cire kuɗin kwantena da haraji da la'ada, abin da zai rage bai taka kara ya karya ba.

Amma wannan bai sa ta zama ƙarfen sikeli ba. Dokar da ke aiki a kan Ferrari ita ce ke aiki a kanta, sai dai a ƙaramin ma'auni. Yawancin 504 da muka sani haya ta cinye su, tsakanin Kano da Jos, tsakanin Sakkwato da Kwanni, an canja musu injin sau uku, an yi musu walda har ba a gane asalinsu. Wadda mutum ɗaya ya saya sabuwa, ya riƙe ta da kansa, ta kwana a inuwa, tana da injinta da takardunta, kullum ƙara wuya take. Kuma waɗanda suka tashi a kujerar bayan irin wannan mota su ne yanzu suke da abin hannu. Haka kasuwar take tafiya ko'ina: mutum in ya samu yakan nemi motar ƙuruciyarsa, shi ya sa motocin Japan na shekarun 1990 suke tashi a Amurka yau. Muna kuma da wata sa'a a Arewa, iskarmu busasshiya ce, ba a zuba gishiri a titi kamar ƙasashen ƙanƙara, ba mu da raɓar teku irin ta Legas, don haka tsatsa ba ta cin ƙasan mota da wuri. Rana ce abokiyar gabarmu, ita ke fasa dashbod ta cinye roba.

Abin da ya sa na ce a dakata, na taɓa gani da idona. An kira ni in duba wata 404 ta wani dattijo da ya rasu. Kafin in iso 'ya'yan sun riga sun yi abin da suke ganin kyautatawa ce. An sauke injin an sayar wa masu kayan gyara, an ɗora na wata mota. An fesa mata wani ja mai walƙiya a kan ruwan tokarta na asali, har kan robar gilashi. Na ɗora maganaɗisu a ƙofar baya ya zame ya faɗi, saboda kaurin abin cike da aka shafa. Na buɗe bonet in nemi ɗan farantin da ke ɗauke da lambar casis, sai ramukan ƙusa biyu kawai na tarar, mai fenti ya cire ya yar. Da na tambayi takardu, uwar gidan ta fito da wata tsohuwar jaka, ga rasiɗin saye, ga littafin sabis da hatimi shafi bayan shafi, ga hoton marigayin tsaye a gefenta ranar da ya karɓo ta. Takardun nan sun cika, amma babu sauran abin da za a haɗa su da shi a jikin motar. Gyaran gangar auzinawa ke nan, kuma sun kashe kuɗi masu yawa a kai. Har yau in na tuna abin yana damuna.

Don haka ka fara da takardu, ba da sifana ba. Ka tambayi mahaifiyarku ko iyayen gidan inda Baba yake ajiye su: rasiɗi, littafin mota, tsofaffin lasin da inshora, littafin sabis, da duk hoton da motar ta fito a ciki, ko na biki ne ko na Sallah. Sannan ka buɗe bonet ka ɗauki hoton farantin lambar casis da lambar da ke jikin injin, ka gwada da abin da ke takarda. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but ka duba tsatsa, ka leƙa wayoyi ko ɓera ya yi ɓarna. Wanka da ruwa da sabulu mai laushi ya isa, ban da goge fenti da inji. Tsohuwar lambar mota, makullai, jak, sifiya, rediyo, ko da ba ya aiki, kada a zubar da ko ɗaya.

In za a tayar da ita, a nemo tsohon bakaniken Fijo, har yanzu akwai su a Kaduna da Zariya, waɗanda suka san kafireto. Ya zubar da tsohon fetur ya wanke tanki, ya canja baƙin mai, ya cire fulogi ya ɗiga mai a kowace silinda a bar shi ya kwana, sannan ya juya injin da hannu ya tabbatar bai kama ba, kafin a kawo batir. Injin da ya yi shekara goma a tsaye in aka murza shi a bushe, cikin minti ɗaya ana iya yi masa illar da ba ta gyaruwa. Birki da tayoyi da robobin lagireto kuwa a canja su kafin ta hau titi, wannan maganar rai ce, kuma ba ya rage mata daraja. Duk abin da aka cire a ajiye shi a kwali.

Tunda motar gado ce, kada kai kaɗai ka yanke hukunci. A tara magada, a samu mutum biyu ko uku da suka san tsofaffin motoci su yi mata kuɗi bayan an tattara takardun, ba kafin nan ba. In wani cikinku yana sonta, ya ɗauka a cikin rabonsa ko ya biya sauran. In kuma sayarwa za a yi, kada a kai ta bakin titi wurin masu 'yan Kwatano, su da shekara da lafiyar injin suke awo. A nemi masu tara tsofaffin motoci, a nuna musu hotuna da takardu, a bar su su taya.

Ka turo mini hoton farantin casis ɗin, da na injin, da shafin farko na littafin motar, ka kuma gaya mini ko salun ce, ko wagon, ko akori-kura. Da su zan iya faɗa maka shekararta, da ko haɗin Kaduna ce ko daga Faransa aka shigo da ita.